Ruwa Ya Isa Gonar Ƙarshe Kuwa?

'Yan'uwa, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a watan Janairu, da ya wuce Kura ya doshi Kadawa zai ga abin da kakanninmu ba su gani ba. Rani ya yi tsakiya, hunturu yana kaɗawa, hazo ya rufe sama, amma dama da hagu gonaki ne kore shar: nan alkama, can tumatir, gaba kaɗan albasa da masara. Haka ma abin yake idan mutum ya ratsa ta wajen Bunkure. Baƙo yakan tsaya ya yi mamaki, ya yabi madatsar ruwa ta Tiga wadda ke shayar da wannan ƙasa duka. Manomin wurin kuwa ba da idon baƙo yake duban abin ba. Ya sani gonakin da ke sha daga magudana ɗaya ba rabonsu ɗaya ba. Wanda gonarsa ke kusa da ƙofar ruwa yakan sha ya ƙoshi, har saura ya malale a hanya. Wanda ke can ƙarshen magudana yakan kwana a gona yana jira. Wata rana ruwan ya iso da asuba ɗan kaɗan, wata rana kuma ya ƙi isowa sam. In ka tambaye shi ko akwai ruwa a Tiga, zai ce maka akwai mana, amma ai shukarsa ba a Tiga take ba.

Mun fara da wannan ne domin muna so mu yi tunani tare a kan makarantun gwamnati da malamansu, musamman na ƙauyukan wannan yanki. Tambayar da ke gabanmu ta lamiri ce tun kafin ta zama ta siyasa. Yaron da ke zaune a ƙasa cikin ajin da iska ta yaye wa rufi, wa yake bi bashi? Malamin da ke tsaye a gabansa, mene ne hakkinsa a kanmu, mene ne kuma namu a kansa? Mu da muka sami halin kai 'ya'yanmu wata makaranta dabam, mun sauke wannan nauyi ke nan?

Alkawari biyu na zamani ɗaya

Ruwan Tiga da makarantar firamare ta kowa da kowa kusan tare aka haife su. An kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are wadda ta karɓi ragamar aikin noman rani, kuma a watan Satumba na wannan shekarar ne gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Dukansu biyu da kuɗin man fetur aka yi su, kuma dukansu alkawari ne ga talaka: ɗaya ya ce gonarka ba za ta ƙara zaman jiran damina ba, ɗayan ya ce ɗanka zai yi karatu ko ba ka da ko anini.

An yi tsammanin yara kamar miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a shekarar farko, sai ga kimanin miliyan 3. Azuzuwa suka kasa, malamai suka kasa, aka shiga horar da matasa cikin gaggawa ana tura su ƙauyuka. Kafin a gama gyara wannan, farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, matsin tattalin arziki na 1986 ya biyo baya, malaman firamare a sassa da yawa na ƙasar nan suka riƙa yin watanni ba albashi. Aka kafa hukumar ƙasa ta ilimin firamare a 1988, aka rushe ta a 1991, aka sāke maido ta a 1993. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta kuma keɓe kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya domin tallafa wa jihohi. A nan Kano, gwamnatin Abdullahi Ganduje ta shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019. A watan Yuni na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ya kuwa faɗa da bakinsa cewa yara fiye da miliyan 4 a jihar nan a ƙasa suke zama su ɗauki darasi, kuma akwai makarantu wajen 400 da malami ɗaya tal yake riƙe da dukan azuzuwansu.

Ba mu jera waɗannan domin mu zargi wani ko mu wanke wani ba. Abin lura shi ne, shekara kusan hamsin ke nan ba a taɓa rasa shiri ba, ba a rasa hukuma ba, ba a rasa bikin ƙaddamarwa ba. Kowane sabon shiri ƙari ne ga ruwan da ke madatsa, kuma abin godiya ne idan an ƙara. Amma gyaran ilimi, in dai gyara ne na gaskiya, a wuri ɗaya ake gane shi: a ajin ƙarshe na makarantar ƙauyen da kwalta ba ta kai ba, inda za a miƙa wa yarinya 'yar aji huɗu takarda a ga ko za ta iya karanta layi biyu da Hausa. Wani rahoto da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa, a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, yara bakwai cikin goma masu shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Da yawa daga cikin waɗannan yara suna da suna a rajista, suna kuma zuwa makaranta. Zuwa dabam, koyo dabam.

Mai injin kansa

Manoman rani sun san wani abu da ke faruwa idan magudana ta fara lalacewa. Kachala takan cika ta, yashi ya toshe ta, gefenta ya zaizaye. Sai mai hali ya haƙa rijiya a gonarsa, ya sayi injin ban ruwa, ya huta da jira. Ba wanda zai ga laifinsa, gama shukarsa yake ceto. Amma daga ranar nan, in aka kira gayyar yashe magudana ba ya fitowa, in aka tashi kai ƙara wajen hukuma ba ya cikin tafiyar. Shi ne kuwa mai murya, shi ne wanda in ya yi magana ake ji. A haka magudana takan zama ta marasa ƙarfi su kaɗai, abin da ya zama na marasa ƙarfi su kaɗai kuwa ba ya daɗewa bai mutu ba.

Wannan shi ne ya sami makarantar gwamnati. A dā ɗan hakimi da ɗan ma'aikaci da ɗan manomi benci ɗaya suke zama, saboda haka idan malami bai zo ba, kafin la'asar maganar ta kai inda ya kamata ta kai. Yau duk wanda ya sami ɗan sarari, har da malaman makarantun gwamnatin kansu, yakan kai nasa makarantar kuɗi ko ta mishan. Da yawa daga cikinmu haka muka yi, kuma ba mu yi zunubi ba. Iyaye ne na farko da ke da hakkin zaɓa wa ɗansu inda zai yi karatu, ba kuwa adalci ba ne a ce wa uba ya sadaukar da shekarun ɗansa domin ya nuna kishin jama'a. Sai dai hakkin zaɓa wa naka bai ba ka izinin manta na wani ba. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Yaron da muka bari a ajin da ba malami, shi ne gobe zai ba mu magani a asibitin ƙauye, ko ya tuƙa motar da za mu shiga, ko ya jefa ƙuri'ar da za ta zaɓa mana shugaba, ko kuma, in an bar shi hannu wofi da zuciya cike da haushi, wani ya ɗauke shi haya ranar fitina. Ko da ma babu abin da zai dawo kanmu, darajarsa ta ɗan Adam ta isa dalili. Daɗin daɗawa, ajin gwamnati yana cikin 'yan wuraren da suka rage inda ɗan Musulmi da ɗan Kirista ke aron fensir a hannun juna tun suna ƙanana. Idan ya mutu, za mu yi hasarar abin da ya fi karatu da rubutu.

Hakkin malami

Tsakanin kasafin kuɗin da ake karantawa a majalisa da yaron da ke ƙauye akwai mutum ɗaya wanda dole kome ya bi ta hannunsa, shi ne malami. Ana iya gina aji, a shafa masa fenti, a rubuta sunan wanda ya gina a bango, amma gini ba ya koyar da baƙi da wasali. Ƙasar nan ta taɓa sanin haka. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 domin horar da malamai aka kafa ta, kuma daga cikinta Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito suka riƙe alli kafin su riƙe mulki. Malam Aminu Kano ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi da kuma Maru, ya kuma jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. A wancan zamani in aka ce Malam ya iso, gari kan shimfiɗa tabarma.

Yau fa? Sau da yawa matashi ba ya shiga kwalejin ilimi sai bayan sauran ƙofofi sun rufu masa. In ya gama ya sami takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a koyar da shi, sai a tura shi ƙauyen da kuɗin mota zuwa da dawowa zai cinye babban rabo na albashinsa. Ƙarin girma ya makara, wanda ya yi ritaya ya yi ta zarya a kan haƙƙinsa, in ya yi ƙorafi a ce ya yi haƙuri, ladansa yana wajen Allah. Gaskiya ne yana can, amma wannan magana ba ta dace da bakin wanda ke riƙe da hakkinsa na duniya ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A 2022 an yi dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki. Wannan girmamawa ce, amma tsawaita zama a aikin da ba ya ciyar da iyali ba shi ne abin da malami ya fi bukata ba. Abin da yake bukata sananne ne: albashin da zai iso ran da aka ce, ajin da yawan yaransa bai fi ƙarfin mutum ɗaya ba, littafi a hannun kowane yaro, alawus ko wurin kwana ga wanda aka tura nesa, da kuma wani gwani da zai riƙa shigowa ajinsa domin ya nuna masa yadda zai ƙara kyautata aiki.

Amanar da ke wuyan malami

Sai dai adalci ƙafa biyu gare shi. Mun san akwai malamin da lokacin dashen shinkafa ko tsinkar tumatir yakan sa hannu a littafi da safe ya wuce gonarsa. Mun san akwai wanda ya sami aikin domin ɗan'uwan wani ne, shi kansa karatun bai zauna masa ba. Muna iya fahimtar abin da ya tura na farkon, amma ba za mu iya cewa daidai ne ba, gama wanda ya biya kuɗin wannan rashi ba gwamnatin da ta makarar da albashi ba ce, yaro ne ɗan shekara bakwai wanda bai ci wa kowa bashi ba. Shekarar da ta wuce shi kuwa ba ta dawowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 da aka yanka ba, ta sallame su, ta ɗauki sababbi. Har yau ana muhawara a kan wannan mataki. Masu goyon baya suna da gaskiya da suka ce ba a kafa makaranta domin ta zama wurin rabon albashi ba. Masu suka su ma suna da tasu gaskiyar da suka tambaya: wa ya horar da waɗannan mutane, wa ya ba su takardar shaida, wa ya ɗauke su aiki? Idan magudana ta yi yoyo, ba a zagin siminti a ƙyale wanda ya karɓi kwangila. Darasin da muke ɗauka shi ne, duk wanda zai nemi malami ya cika aikinsa, to, ya fara cika nasa. Duk malamin da aka cika wa nasa kuma, ba shi da sauran hanzari. A ɗauki mutum saboda iyawarsa, a taimaki mai rauni ya gyaru, wanda ya ƙi gyaruwa a nema masa wani aiki dabam da ajin yara.

Lissafin uba manomi

Akwai wata magana da bai kamata mu tsallake ba. A yankin noman rani aiki ba ya yankewa: ana gama shinkafar damina a shiga alkama da tumatir, ga korar tsuntsaye, ga cika kwanduna domin kasuwar Kwanar Gafan, ga mata suna turara shinkafa, 'yan mata suna talla. Yaro yana iya komowa gida da kuɗi a hannu kowace yamma. Uban da ya cire ɗansa daga aji ya tura shi gona, sau da yawa mukan ce jahilci ne. Wani lokaci kuwa lissafi ya yi. Ya ga ɗan maƙwabcinsa ya yi shekara shida yana zuwa makaranta bai iya karanta rubutun da ke jikin kwalbar maganin feshi ba, sai ya ce me zai sa nasa ya yi hasarar gona da karatu gaba ɗaya? Dokar tilas ba za ta amsa wannan tambaya ba. Abin da zai amsa ta shi ne yaron da ya dawo gida ya karanta wa ubansa takardar taki, ya lissafa masa cinikin buhu talatin ba kuskure. Ranar da makaranta ta fara haifar da irin wannan yaro, ba sai an bi gida gida ana roƙo ba.

Wannan kuwa ba mafarki ba ne. An gwada wata hanya a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa daga 2019, wadda asalinta daga ƙasar Indiya ne. Maimakon malami ya bi manhaja yana gudu yara suna baya, sai a gwada kowane yaro a ga inda ya tsaya: wannan bai san baƙaƙe ba, wancan yana haɗa kalma, wata tana karanta jimla. A raba su rukuni rukuni bisa ga haka na ɗan lokaci kowace rana, a fara da Hausa wadda suke ji, kowa ya taka daga matakin da yake. Ba sabon gini ake bukata ba, malaman da ke nan ne ake horarwa, ana kuma bin su ana ƙarfafa su. Ashe abin da ya ɓace ba ƙwaƙwalwar yaranmu ba ce.

Namu rabon aikin

Sa'ad da aka zo gyaran magudanan Kura da Bunkure a ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ba siminti kaɗai aka zuba ba. An ba da ƙarfi ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, domin an gane cewa hukuma tana iya kula da madatsa da babbar magudana, amma ƙananan da ke shiga gonaki, in masu gonakin ba su yashe su ba, ba mai yashe musu. Makaranta ma tana da irin wannan ƙungiya. Akwai kwamitin kula da makaranta wanda ya ƙunshi hedimasta da iyaye da dattawan gari da mata, akwai kuma ƙungiyar iyaye da malamai. A wurare da yawa sunansu kawai ke takarda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka bari mu tambayi kanmu abin da ba shi da wuyar amsawa. Makarantar gwamnati mafi kusa da gidanmu, yaushe rabonmu da shiga cikinta? Mun san malamai nawa ne a cikinta, da kuma nawa ne suka zo jiya? Wanda ya yi ritaya daga koyarwa a cikinmu yana iya ba da yamma biyu a mako ya zaunar da yara goma su koyi karatu. Kafinta yana iya gyara benci biyar. Matasan da suka gama sakandare suna zaman jiran sakamako suna iya riƙe ƙannensu na unguwa, ba tare da tambayar ɗan wane ne ba. Idan aka turo baƙon malami ko malama ƙauyenmu, muna iya sama masa ɗaki, mu gaishe shi da girmamawa a gaban 'ya'yanmu, gama yaro ba ya jin maganar wanda ya ji ubansa yana rainawa. Idan masu neman ƙuri'a suka zo, kafin mu yaba ginin da suka yi, mu tambaye su malamai nawa suka tura makarantar da ta fi nisa da hedikwata, da kuma ran da aka biya su. Malaman da ke cikinmu kuwa, muna roƙonku ku riƙe amanar nan ko da ba mai duba ku, mu kuma mu yi alkawari ba za mu bar ku ku nemi hakkinku ku kaɗai ba.

Ba mu ce wannan zai ɗauke wa gwamnati nauyinta ba. Harajin jama'a yana hannunta, kuma gayya ba ta gina madatsa. Amma gwamnati takan fi jin kukan makarantar da mutanen gari ke shiga suna fita a cikinta.

Manomin kirki, ko da gonarsa tana bakin ƙofar ruwa, ba ya cewa an gama ban ruwa domin tasa ta jiƙe. Yakan rufe nasa in ya sha rabonsa, ya taka zuwa ƙasa ya leƙa ko ya kai ga maƙwabcinsa. Mu ma, a makon nan, bari kowannenmu ya taka zuwa makarantar da ke kusa da shi ya gani da idonsa, gama gani ya kori ji. Allah ya ba shugabanninmu adalci, ya ba malamanmu ƙarfi da riƙon amana, ya kuma raya mana yaranmu duka. Amin.